Waiwaye: idan mai wuri ya yi shiru, ana shiga masa da bindiga?

A ƙofar kantuna da yawa a jihar Texas ta Amurka akwai wani allo mai dogon rubutu da Turanci da Sifaniyanci. Doka ta ce tsayin kowane harafi kada ya gaza inci ɗaya, launin rubutun kuma ya bambanta da na allon. Mutanen can suna kiransa 30.06, lambar sashen dokar da ya tanade shi. Saƙonsa shi ne: kai mai lasisi, kada ka shigo nan da ƙaramar bindiga a ɓoye. In babu allon, kuma ba wanda ya gargaɗe ka, to ka shiga abinka. A jihar Hawaii akasin haka aka tsara a dokar 2023: ba ka shiga da ita sai mai wurin ya ba ka izini.

Ba wanda ke musun cewa mai kanti ko mai gida yana da ikon hanawa. Inda ake kai ruwa rana shi ne idan bai ce komai ba.

Da farko ma ɓoye makami abin zargi ne a Amurka. Tun 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta shi, don ana ganin mai gaskiya a fili yake rataya nasa. New York ta kafa dokar Sullivan a 1911, daga baya ta ƙara sharaɗin cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da bindiga. Iska ta fara juyawa a 1987, lokacin da Florida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi.

Abin da ya girgiza Texas ya faru ne a watan Oktoba na 1991 a garin Killeen. Wani mutum ya kutsa da motarsa cikin gidan abinci na Luby's, ya buɗe wuta, ya kashe mutum 23. Suzanna Hupp tana ciki tare da iyayenta. Tana da bindiga, amma ta baro ta a mota saboda doka ta hana ta ɗauka. Ita ta tsira, iyayenta duka biyu suka rasu. Ta yi ta ba da wannan labari gaban 'yan majalisa, kuma a 1995 gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar lasisi. Duk mai son fahimtar zafin da masu goyon bayan bindiga ke ji, daga nan zai fara. Amma da bindigogi suka shiga aljihu, sai masu kantuna suka fara tambayar ina nasu haƙƙin, allon nan kuwa amsarsu ce.

Wasu jihohin ma sun taɓa haƙƙin mai wuri kai tsaye. Oklahoma a 2004 da Florida a 2008 sun hana kamfanoni tsangwamar ma'aikacin da ya kulle bindigarsa a mota a filin ajiye motocin kamfani.

Babban sauyin ya zo ranar 23 ga Yuni, 2022, a shari'ar Bruen. Alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka soke sharaɗin New York, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya kare ɗaukar bindiga a wajen gida. Ya kuma ce duk dokar da za ta taƙaita hakan sai an samo makamanciyarta a tarihin ƙasar. Cikin kwana takwas New York ta mayar da martani da sabuwar doka: shirun mai wuri hani ne. New Jersey, Maryland, California da Hawaii suka bi sahu.

Daga nan kotuna suka rabu. Kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da New York ta dakatar da wannan tanadi a wuraren da jama'a ke shiga, kamar kanti da gidan mai. Wadda ke kula da yammacin ƙasar kuwa, a Satumban 2024, ta bar na Hawaii tsaye, domin ya yarda a ba da izini da baki ko a rubuce ko da allo, ta dakatar da na California da ya ce sai da allo kaɗai.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da tsarin Hawaii. Mu da muka tashi ba a shiga gidan mutum sai da sallama, ba za mu ga wahala a tambayar mai wuri ba. Mai ƙaramin shagon shayi bai kamata a ɗora masa nauyin buga allo kafin a girmama wurinsa ba. Sai dai waɗanda suka kai ƙarar wannan doka suna da hujja mai nauyi: yawancin 'yan kasuwa ba za su manna komai ba, don haka lasisin zai tsaya a bakin titi, mai shi ko burodi ba zai iya tsayawa saya ba.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Don cika sharaɗin tarihi, kotun da ta bar tanadin Hawaii tsaye ta dogara da dokar New Jersey ta 1771 da ta Louisiana ta 1865. Ta biyun tana cikin dokokin da aka kafa bayan yaƙin basasa don danne bayin da aka 'yanta. Abin takaici ne a ce doka mai neman kare rayuka sai ta jingina da irin wannan kafin ta tsaya a kotu.

Mutum uku mazauna tsibirin Maui da ke Hawaii ne suka kai ƙarar Hawaii gaba, gwamnatin Trump ta mara musu baya, kuma a Oktoban 2025 Kotun Ƙoli ta amince ta saurari shari'ar.