Gas ɗin esin tsofaffin motoci

Gas ɗin esi sinadari ne da ke zagayawa a cikin na'urar sanyaya mota. Kwamfaresa ce ke matse shi, kwandensa da ke gaban lagireto ta huce shi ya zama ruwa, sannan ya koma tururi a bayan dashbod, a nan ne yake kwashe zafin cikin motar.

Yawancin motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 R-12 ake ɗura musu, wanda aka fi sani da Freon. Da aka gano yana cinye shimfiɗar ozon da ke kare duniya daga kaifin hasken rana, sai Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa masa wa'adi: ƙasashe masu arziki suka daina sarrafa shi a 1996, masu tasowa kuma a 2010. R-134a ne ya gaje shi. Shi ma yana ƙara ɗumamar yanayi, shi ya sa tun 2017 yawancin sababbin motocin Tarayyar Turai suka koma R-1234yf.

Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. In sanyi ya ragu, akasari wani wuri ne ke yoyo, ko tiyo ya tsage, ko robar mahaɗa ta bushe. Ƙwararren mai gyara yakan shafa ruwan sabulu a mahaɗan bututu ya tsaya kallon inda kumfa za ta taso, ko ya nemi tabon mai da ƙura ta manne wa. Sai ya toshe, ya zuƙe iska da danshi da famfo, kafin ya ɗura gas daidai nauyin da ke rubuce a takardar da aka liƙa ƙarƙashin bonet. Ɗuri ba tare da neman yoyo ba asarar kuɗi ce kawai, balle a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato.

Mayar da motar R-12 zuwa R-134a ya wuce sauya tukunya. Man kwamfaresar R-12 ba ya gaurayuwa da sabon gas, don haka ake wanke shi a zuba na PAG ko na esta, a canza robobi da matatar danshi, kuma a ɗura ƙasa da awon farko kaɗan.

Abin gudu shi ne R-22 na esin gida, domin matsinsa ya fi ƙarfin bututun mota. Haka ma gas mai araha da aka haɗa da furofen (dangin gas ɗin girki), wanda ke sanyi sosai amma yana kama wuta idan ya tsiyaya kusa da inji.