Launi ba ya raba ɗan tarwaɗa da ɗan ramboshi

Masu sayen 'ya'yan kifi a hannun masunta sun daɗe suna cewa baƙin shi ne tarwaɗa, mai haske kuma ramboshi. Ba haka ba ne. Launin ƙaramin kifi mazauninsa yake bi: ka bar baƙin cikin farin kwano, zai koɗe.

Gadon bayansa ake dubawa. Saka shi a kwalba mai ruwa, ka ɗaga ta wajen haske. Tarwaɗa fiffike ɗaya gare ta, dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya. Na ramboshi biyu ne: na gaba mai siraran ƙayoyi, na baya kuwa tsoka zalla. In kifin ya yi ƙanƙanta sosai, na bayan yana wuyar gani, sai a jira ya kai tsawon yatsa.