Magungunan Homon da Ɗurin Maniyyi ga Awakin Madara

Magungunan homon sinadarai ne da likitocin dabbobi ke ba akuya domin su tsayar da ranar da za ta nemi bunsuru da sa'ar da za ta saki ƙwai, ta yadda idan an ɗura mata maniyyi da hannu zai tarar da ƙwan a kan lokaci. An fi amfani da su a garkunan awakin madara, inda makiyayi ke son jinin zaɓaɓɓen bunsuru amma ba ya da bunsurun a turke. Faransa ce ƙasar da ta fi nisa a wannan aiki, kuma tsarin da masu binciken noma na can suka tsara shi ne aka fi kwaikwayo. A Ghana, inda akuya dabbar nama ce da ta biyan buƙatar gaggawa, batun ya shafi masu son inganta jinin awakinsu su samu nonon da za a tatsa.

Yadda jikin akuya ke aiki

Akuyar da ba ta da ciki takan nemi bunsuru kusan duk bayan kwana 21. Masu kiwo sun san alamun: yawan kuka, kaɗa wutsiya, kumburin gaba da ɗan ruwa mai yauƙi, rage cin abinci, wani lokaci har da hawan 'yan uwanta. Wannan yanayi yakan ɗauki awa 24 zuwa 48, kuma ƙwan yana fita ne wajen ƙarshensa. Idan ciki ya shiga, yakan yi kimanin kwana 150.

A ƙarƙashin waɗannan alamu akwai saƙonnin da ke kai-komo a cikin jini, su ake kira homon. Ƙwaƙwalwa na sakin homon da ake kira GnRH, shi kuma ya tayar da wani ɗan ƙulli da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya saki wasu biyu, FSH mai renon ƙwai da LH mai fasa jakar ƙwan ya fito. Gurbin da ƙwan ya bari sai ya rikiɗe ya zama wani ƙullutu rawaya mai fitar da furojestaron, homon da ke riƙe ciki, yana kuma hana akuya sake neman bunsuru. In ciki bai shiga ba, bayan kwana 16 ko 17 mahaifa takan saki wani homon mai suna furostagilandin ya narkar da ƙullutun, a koma farko. Duk magungunan da ake maganarsu kwaikwayon ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni ne.

Wani abu da ya bambanta akuya da tunkiya: ita akuya ta dogara da wannan ƙullutu rawaya tun daga shigar ciki har haihuwa. Duk abin da ya narkar da shi, ko a wane wata ne, ɓari zai biyo baya.

Me ya sa ake buƙatar magani

Bunsuru ba ya kuskuren lokaci, hancinsa ne ke gaya masa. Mutum kuwa yana yi. Maniyyin da aka daskarar a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili ba ya daɗewa da rai bayan an narkar da shi, don haka ɗurin da aka yi da wuri ko a makare asara ce ta kuɗi da ta wata guda. Ga kuma ma'aikacin da ke ɗurin: ba zai yiwu ya riƙa zirga-zirga daga Amrahia zuwa Nima ko daga Ejisu zuwa Aboabo saboda akuya ɗaya yau, wata jibi ba. Idan aka haɗa awaki ashirin suka nemi bunsuru rana guda, zuwa ɗaya ya wadatar.

A Turai akwai dalili na biyu. Awakin madara irin su Sanen da Togenbag na Suwizalan da Alfin ta Faransa ba sa barbara sai rana ta fara gajarta, wato a kaka, su haihu a bazararsu. Masu yin cuku kuwa suna son madara duk shekara, shi ya sa suke tayar da awakin a lokacin da ba nasu ba. Wannan dalili bai da ƙarfi a Ghana. Accra na kusan digiri 5 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, Kumasi bai kai digiri 7 ba, kuma bambancin tsawon yini tsakanin Yuni da Disamba bai cika awa guda ba. Gajeruwar akuyar kurmi da doguwar akuyar Sahel da fatake ke gangarowa da ita daga Burkina Faso da Nijar duk suna barbara kowane wata, muddin sun ƙoshi. Saboda haka abin da homon ke saya wa makiyayin Zango shi ne sanin rana da sa'a, ba tayar da abin da ya kwanta ba.

Soso da allura

Ginshiƙin yawancin tsare-tsare shi ne furojestaron ko makamancinsa na haɗi. Ana jiƙa wani ɗan soso da maganin, mai zare a jikinsa, a tura shi cikin farjin akuya da bututu mai tsabta. Sosan da aka sani suna ɗauke da ɗaya daga cikin makamantan furojestaron na haɗi guda biyu: FGA, miligiram 20 zuwa 45, ko MAP miligiram 60. Akwai kuma wata 'yar roba mai fiffike biyu da ake kira CIDR, wadda aka ƙirƙiro a Niyu Zilan, ta awaki da tumaki tana ɗauke da giram 0.3 na furojestaron. Muddin abin yana ciki, jikin akuya yana ɗauka tana da ciki. Da an zare shi, homon ɗin ya faɗi a jini gaba ɗaya, awakin su nemi bunsuru kusan tare, cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Tsarin Faransa ya tafi kamar haka. Soso ya kwana 11. Awa 48 kafin a cire shi a yi allura biyu a tsoka: kulofurostenol, wanda furostagilandin ne na haɗi, domin ya narkar da duk wani tsohon ƙullutu da ya rage, da kuma eCG, homon da ke sa ƙwai su nuna su fito, yawanci awo 400 zuwa 600 na ma'aunin duniya gwargwadon madarar da akuya ke bayarwa da lokacin shekara. Sai a yi ɗuri sau ɗaya, awa 43 zuwa 45 bayan cire soso, ba tare da an tsaya duba alama ba. A gonakin da aka kula da su sosai, kimanin shida cikin goma na awakin da aka yi wa haka da daskararren maniyyi sukan haihu. Daga baya an fito da gajerun tsare-tsare na kwana 5 zuwa 7, kuma sun karɓu musamman a Kudancin Amurka, don ƙwan da ya fito bayan ɗan gajeren riƙo bai tsufa ba.

Waɗannan awo na manyan awaki ne masu nauyin kilo 60 ko fiye. Akuyar kurmi da ba ta cika wuce kilo 25 ba, wadda dama tagwaye al'adarta ce, idan aka yi mata allurar eCG ta Sanen za ta iya sakin ƙwai huɗu ko biyar. Sakamakon ba riba ba ne: 'ya'ya ƙanana marasa ƙarfi, uwa ta galabaita kafin haihuwa. Kwafo awo daga littafin Turai a zuba wa akuyar gida na daga cikin kurakuran da suka fi sauƙin aukuwa.

eCG da matsalolinsa

Daga jinin goɗiya mai ciki ake tace eCG, tsakanin kwana 40 da 120 na cikinta, shi ya sa tsofaffin kwalabe ke ɗauke da sunan PMSG, wato homon jinin goɗiya mai ciki a taƙaice da Turanci. Harold Cole da George Hart ne suka gano shi a 1930 a Jami'ar Kalifoniya. A jikin akuya yana yin aikin FSH da LH a lokaci guda, kuma yana daɗewa a jini, don haka allura ɗaya ta isa.

Sai dai jikin akuya ya san wannan abu baƙo ne. Idan aka maimaita shi shekara bayan shekara, garkuwar jiki takan ƙera abin yaƙarsa, neman bunsurun ya yi jinkiri, ɗurin da aka tsayar a awa 43 ya riga ƙwan. Shi ya sa a Faransa ake ba da shawarar kada a yi wa akuya wannan magani fiye da sau ɗaya a shekara. Akwai kuma ƙorafin masu kare haƙƙin dabbobi kan yadda ake ɗibar jinin goɗiyoyi a gonakin Ajantina da Yurugwai da Aisilan, abin da ya ƙara wa masu bincike ƙaimi wajen neman madadinsa.

GnRH da hCG: kafin ɗuri da bayansa

Allurar GnRH, irin su busarelin da gonadorelin, tana sa LH ya tashi cikin 'yan awoyi, ƙwai ya fito a lokacin da aka ƙiyasta. Wasu kan yi ta a sa'ar ɗuri ko kafin nan kaɗan. Tsarin Ovsynch, da aka fitar don shanun madara a Jami'ar Wiskonsin a 1995, ya ginu ne a kanta: GnRH, bayan kwana 7 furostagilandin, bayan kwana 2 GnRH kuma, sannan ɗuri. An gwada shi a awaki, kuma ya fi aiki ga waɗanda jikinsu ke zagayawa da kansa.

Amfani na biyu yana zuwa ne bayan ɗuri. Akuya tana da wani hali: wani lokaci ƙullutunta rawaya kan mutu da wuri, ta dawo neman bunsuru bayan kwana 5 zuwa 7 maimakon 21, ɗan tayin kuma ya salwanta kafin ya kama mahaifa. Don magance haka ake yin allurar GnRH ko hCG, homon da ake tacewa daga fitsarin mata masu juna biyu, wajen kwana 5 zuwa 7 bayan ɗuri, domin a samu ƙarin ƙullutu, furojestaron ya ƙaru. Cewa yana ƙaruwa a jini, an sha ganin haka. Cewa yawan haihuwa yana ƙaruwa, nan gwaje-gwaje suka rabu: wasu garkuna sun amfana, wasu ba a ga bambanci ba. Inda akuya ke da ƙoshin lafiya, sau da yawa wannan allura ƙarin kashe kuɗi ce kawai.

Furostagilandin shi kaɗai

Ga awakin da ke zagayawa duk shekara irin na Ghana, hanya mafi arha ita ce allura biyu ta furostagilandin, kwana 11 tsakani. Ba soso, ba eCG. Illarta ita ce sa'ar sakin ƙwai ba ta haɗuwa sosai, don haka gara a sa bunsurun da aka ɗaura wa ƙyalle a tumbi, don kada ya yi barbara, ya nuna wadda ta shirya, a yi ɗuri awa 12 zuwa 24 bayan nan.

Haɗarin wannan magani a unguwanni irin Sabon Zango ko Asawase a fili yake. Awaki na yawo a layi, bunsurun maƙwabta ba ya neman izini, kuma mai akuya yakan rantse ba ta da ciki alhali tana da na wata biyu. Allura ɗaya ta zubar da shi. Dole a killace akuya tukuna, a kuma duba ta da na'urar hoton ciki, wadda ke nuna ciki daga kimanin kwana 30. Dubawar tana tona wata matsala da ta yi yawa a awakin madara, wato cikin ƙarya, inda mahaifa ke cika da ruwa babu ɗa. Maganinsa wannan allurar ce. Maganin yana ratsa fatar mutum, don haka mace mai ciki da mai cutar asma ba su taɓa shi, kuma a gidajen Zango mata ne suka fi kula da awaki.

Abin da magani ba ya gyarawa

Akuyar da ta rame, ko tsutsar ciki ta cinye ta, ko ta haihu bai kai wata biyu ba, ba ta amsa homon yadda ya kamata. Masu aikin sukan fara da maganin tsutsa da kaska, rigakafin annobar awaki ta PPR, da ƙarin abinci na mako uku zuwa huɗu: dusa, harawa, ɓawon rogo da na ayaba da aka shanya, ganye, da gishirin lasa. Zafi ma yana kashe ɗan tayi a kwanakin farko, kuma watannin Fabrairu da Maris su ne mafi zafi a kudancin Ghana. Tunda ciki wata biyar ne, mai lissafi yakan tsayar da ranar ɗuri ta yadda haihuwa za ta faɗo lokacin da ciyawa ta samu amma ruwan Yuni bai jiƙe garke ba.

Sai ajiya. Ana adana eCG a firji tsakanin digiri 2 da 8, kuma da an haɗa shi da ruwansa sai a yi amfani da shi nan take. Kwalbar da ta kwana biyu a firjin da wuta ta ɗauke ba abin dogaro ba ce. Tulun ajiye maniyyi yana son a riƙa ƙara masa ruwan naitirojin, in ya ƙafe sau ɗaya maniyyin ya mutu baki ɗaya. Ana narkar da tsinken maniyyi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na daƙiƙa 30. Sa'ar da aka yi, bakin mahaifar akuya ya fi na tunkiya sauƙin ratsawa, don haka da fitila da bututun buɗewa ƙwararre yakan kai maniyyin ciki ba tare da tiyata ba.

A Ghana

Ɗurin maniyyi a ƙasar ya fi tafiya a kan shanu, kuma gonar madara ta gwamnati da ke Amrahia kusa da Accra na cikin wuraren da aka san su da shi. Tashar kiwon awaki ta ƙasa tana Kintampo, aikinta kuma kan akuyar kurmi ne. Jami'ar Ghana da ke Legon da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi duk suna horar da likitocin dabbobi, yayin da Hukumar Abinci da Magunguna ke rajistar magungunan dabbobi da ake shigowa da su.

Dalilin da zai sa a yi wannan wahala shi ne tazarar nono. Sanen a Faransa tana ba da kusan lita 900 ko fiye a zangon tatsa ɗaya, ita kuwa akuyar kurmi da ƙyar take wuce abin da 'ya'yanta za su sha. Amma akuyar kurmi tana jure sammore da damshin kurmi, Sanen tsantsa kuwa zafi da kaska kan kayar da ita. Shi ya sa inda ake wannan aiki a ƙasashe masu zafi aka fi neman ruwa biyu, rabin jinin waje rabin na gida, sau da yawa da Anglo-Nubiyan mai dogon kunne wadda ta fi jure zafi. Ana kuma zaɓar uwaye masu girman jiki, irin na Sahel ko ruwa biyunsu, domin ɗan babban bunsuru yakan maƙale wa gajeruwar akuya a wajen haihuwa.