Duba bakin mai ciwon daji a lokacin karɓar kemo: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa maganin kemo da baki?

Kemo, wato maganin da ake bayarwa don kashe ƙwayoyin ciwon daji, yana kai farmaki ne kan ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma fatar cikin baki tana cikinsu. Shi ya sa magunguna irin su methotrexate da 5-fluorouracil kan sa baki ya yi ja, ya riƙa raɗaɗi, daga baya gyambo ya fito, galibi kwana 5 zuwa 10 bayan karɓar magani. Abin da ya fi damuna shi ne, kusan a wannan lokacin ne fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, ke raguwa, saboda haka ɗan gyambon da ake rainawa yana iya zama ƙofar da cuta za ta bi ta shiga jini.

Yaya ma'aikatan asibiti ke auna tsananin ciwon bakin?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 1979 mai matakai daga 0 zuwa 4. A mataki na 1 akwai ja da raɗaɗi kawai, a na 2 gyambo ya fito amma majinyaci yana iya cin tuwo, a na 3 sai kunu da ruwa-ruwa, a na 4 kuwa komai ba ya wucewa. Akwai kuma ma'aunin wata ma'aikaciyar jinya mai suna Eilers na 1988, wanda ke duba abubuwa 8, ciki har da murya, haɗiya, leɓe, harshe, miyau da dasashi.

To, mai jinya a gida fa?

Nan ne aikin yake, domin yawancin majinyatanmu, musamman dattawa, idan an tambaye su jiki sai su ce "da sauƙi", alhali kwanon abinci yana komawa yadda aka kawo shi. Kada a tsaya ga tambaya. Kowace safiya a wanke hannu, a kunna tocilar waya, a roƙi Baba ko Inna su buɗe baki, a duba cikin kunci, ƙarƙashin harshe da ganɗa. Farin abu kamar guntun kindirmo manne a harshe alama ce ta cutar fangas, miyau mai kauri da yauƙi kuma alama ce ta bushewar baki. A nan Jos, hunturu kan fasa leɓe ko na mai lafiya, balle wanda ke kan kemo, don haka a yawaita shafa man leɓe da kurɓar ruwa.

Aswaki zai yi?

Burushi mai laushi ya fi, saboda dasashi kan yi saurin zubar da jini. A riƙa kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a dakata da yaji, kilishi, goro da taba.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Da zarar zafin jiki ya kai digiri 38, ko majinyaci ya kasa shan ruwa, ko jini ya ƙi tsayawa, a tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko inda ake ba shi maganin, ko da tsakar dare ne. Wanda bai fara kemo ba kuma, ya nemi ganin likitan haƙori kamar mako 2 kafin ranar farawa, domin a gyara ruɓaɓɓen haƙori tun da wuri, wurin ya sami lokacin warkewa.