Me ake nufi da "ba na asibiti ba ne"?

A zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, in aka ce ciwon wance "ba na asibiti ba ne", ana nufin sammu ne ko jifa ko iska, likita ba shi da ta cewa. Ciwon daji, wato sankara, shi aka fi yanke wa wannan hukunci, musamman na mama. Sai a ƙara da cewa wai daji ba ya son ƙarfe, da an sa wuƙa ko allura sai ya fantsama. Sau da yawa kuwa sai ciwon ya ci jiki ake kai mara lafiya, in ta cika a ɗora wa wuƙa laifi.

A ganina maganar ta fi nuna gajiya fiye da imani. Matar da aka rubuta wa kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) da gashin ciwon da na'ura a asibitin Komfo Anokye za ta yi watanni tana zirga-zirga, ga amai, ga zubewar gashin kai, ga fargabar miji ya juya baya in an cire nono. Inshorar lafiya ta NHIS ta haɗa da sankarar mama da ta bakin mahaifa, amma kuɗin trotro (motar haya) da cefanen gida ba su cikin kati. Mai magani kuwa yana nan bayan layi. Zai zauna ya saurare ta da Hausa, ya karɓi kuɗi kaɗan-kaɗan, ya ce "in sha Allahu an gama". Goggo ta dafa sassaƙe, maƙwabciya ta kawo zuma da habbatus sauda, malam ya aiko da rubutu. Kowa ya sa hannu a jinyar, ita ma ta ji tana da mutane. Ƙin shan jiƙon goggo kuma, ai kamar raina zumunci ne.

Abu biyu ake cakuɗawa a nan. Akwai haɗawa: addu'a da tofi da dubiya suna tafiya tare da maganin likita. Akwai musanyawa: a ajiye kemo a koma jiƙo kaɗai, ciwon yana ta yaɗuwa. Na biyun ne ke kisa.

Asibiti ma bai raina tsiro ba. Vincristine, allurar da ake yi wa yara masu sankarar jini, daga wani furen Madagaska aka samo ta, kuma tun 1975 Gana ke da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong-Akuapem. Sai dai vincristine an gwada ta, an san awonta. Jiƙon da ba a san awonsa ba yana iya taɓa hanta da ƙoda, gaɓoɓin da ke tace kemo, shi ya sa likita ke tambayar me ake sha a gida.