Yadda Brazil ta mayar da itacen turare amfanin gona

Itacen turaren nan da muke gani a bakin titi da harabar makarantu, asalinsa daga Ostireliya yake, amma yau in ana maganar inda ya fi yin kuɗi to Brazil ce, har ta kai a shekara 6 zuwa 7 sun sare sun sake dasawa kamar mai noman rake. Kuma ba wai ƙasarsu ce kawai mai albarka ba, aikin zaɓen iri ne aka yi shekara da shekaru ana yi.

Abin ya faro ne wajen 1904, lokacin da wani kamfanin jirgin ƙasa a jihar Sao Paulo ya ga itacen da yake ƙonawa a injin da katakon shimfiɗa dogo na neman gagararsa, sai ya ɗauki wani masani Edmundo Navarro de Andrade ya ce ya nemo mafita. Mutumin nan ya tara nau'o'in turare birjik yana gwadawa a Rio Claro, wanne ya fi saurin girma, wanne ya fi miƙewa.

A 1966 gwamnati ta kawo rangwamen haraji ga duk mai dasa daji, kamfanoni suka yi ca. Ɗaya daga ciki shi ne Aracruz a jihar Espirito Santo, suna son itace don yin takarda. To a nan ne aka sha wuya, don irin da suka shuka, musamman wanda ake kira grandis, wata cuta mai kama da gyambo ta riƙa cin gindinsa saboda zafi da laimar wurin, ga gonar ba daidai ba, wannan ya yi tsawo wancan ya tsumbure. Sai ma'aikatansu suka lura akwai ɗaiɗaikun bishiyoyi da cutar ba ta taɓa ba kuma sun fi kowa girma, yawancinsu ruwa biyu ne, wato haɗin nau'in turare biyu. Matsalar ita ce in ka ɗebi 'ya'yansu ka shuka ba lallai su gado uwar ba.

Dabarar da ta warware abin wallahi duk manomin rogo ya santa, a bar iri a koma reshe. A sare zaɓaɓɓiyar bishiyar, in kututturen ya yi toho a yanki tohon a sa shi ya yi saiwa a gandun reno, kowane dashe ya zama kwafin uwar sak. Masu bincike Faransawa a Pointe-Noire ta Kongo su ma a shekarun 1970 suna kan wannan aikin, amma Aracruz ce a 1979 ta fara dasa shi da yawa don kasuwa, har ma'aikatanta suka samu lambar yabo ta Marcus Wallenberg, wadda ake bayarwa kan binciken gandun daji, a 1984. Daga nan aka shiga haɗa grandis da urophylla, wanda ya fito daga tsibirin Timor da kewaye kuma yake jure cutar, aka samu urograndis. Abin da hekta ke bayarwa a shekara ya ninka fiye da sau biyu, yanzu ana maganar kubik mita 30 zuwa 40 na itace.

Ni abin da ke damuna shi ne kuɗin da wasu suka biya. Ƙabilun Tupinikim da Guarani sun yi shekaru suna rigimar fili da Aracruz kafin a 2007 gwamnati ta amince musu da yankinsu, kuma mutanen karkara can suna kiran gonakin nan koriyar hamada, don ba tsuntsu ba abinci sai layin itace. Ga kuma haɗarin dasa kwafi ɗaya a dubban hekta, cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya kwantar da su gaba ɗaya, shi ya sa kamfanonin ke ta canza iri ba hutawa. A 2015 ma da hukuma ta amince da turaren da kamfanin FuturaGene ya sauya wa ƙwayar halitta, sai da mata 'yan ƙungiyar marasa gona ta MST suka kutsa gandun renon kamfanin suka lalata dashen, wata guda kafin a sa hannu.

Mu nan an taɓa gwada nau'o'in turare a dajin Afaka kusa da Kaduna, amma je ka wajen mai sayar da dashe a bakin hanya ka tambaye shi daga wace bishiya ya ɗebo irin, da wuya ya iya nuna maka ita.