Waiwaye: Asalin sarƙewar numfashin tsofaffinmu a jirgin sama

Duk lokacin da masu Umara suka dawo Injamena sai maganar nan ta sake tasowa a majalisu da zaurukan WhatsApp: wata Hajiya numfashinta ya sarƙe a jirgi, wani dattijo sai da aka sa masa oksijin. Wasu su ce jiragen ne suka tsufa, wasu su ce tsoro ne irin na sabon shiga. A ganina tushen abin ya girmi jiragen da muke hawa, ya ma girmi yawancin masu gardamar.

Jirgin fasinja na farko da ake matsa wa iska a ciki saboda ƙarancinta a can sama, Boeing 307, ya fara jigila a 1940. A 1952 jirgin Comet na Ingila ya buɗe zamanin jet, sai ga biyu daga cikinsu sun tarwatse a sama kusa da Italiya a 1954.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka gano dalilin. A Farnborough ta Ingila masu bincike suka gina ƙaton tanki, suka nutsa gangar wani Comet a ruwa, suna ɗura mata ruwa ta kumbura, su sassauta ta sace, kamar ta tashi ta sauka. Da aka haɗa da tafiye-tafiyen da jirgin ya riga ya yi, a wajen karo na 3,000 ƙarfen ya tsage daga kusurwar wata kafa. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙewa har ta karye ya san abin. Nan aka fahimci cewa kowace tafiya tana cin wani abu daga ƙarfin gangar alminiyam, kuma gwargwadon iskar da aka matsa a ciki gwargwadon gajiyar ƙarfen. In ana son iskar ciki ta yi daidai da ta ƙasa, sai an kauri gangar, jirgi ya yi nauyi, ya sha mai. Shi ya sa aka zauna a kan tsaka-tsaki: iskar ciki kada ta fi ta tudu mai tsayin ƙafa 8,000 ƙaranci, wato kimanin mita 2,400. Har yau ita ce ƙa'ida.

To, filin jirgin Injamena bai kai mita 300 ba. Cikin rabin sa'a, wanda ya baro bakin kogin Shari ya zama kamar an ɗora shi kan dutse. Mai lafiya oksijin na jininsa zai ɗan sauka bai ma sani ba. Amma Baba mai ciwon zuciya, da mai asma, da yaro mai sikila fa? Wannan ne ya fi damuna, domin a zamanin da aka tsai da wannan lamba 'yan ƙalilan ne ke hawa jirgi, yau kuwa tsohuwar da ta shekara ashirin tana tara kuɗin Makka ce a kujerar.

Mai yada zango a Adis Ababa ko ya sauka bai huta ba, don filin Bole yana kan mita 2,300 da 'yan kai, kusan daidai da cikin jirgin. 

Sababbin jirage irin Boeing 787, da ya fara aiki a 2011, ba na alminiyam zalla ba ne, suna riƙe iskar ciki a ƙafa 6,000. An samu sauƙi, sai dai ba mu ke zaɓar jirgin da za mu hau ba. Abin da ke hannunmu shi ne a kai tsoho wurin likita tun kafin a yanki tikiti, a auna numfashinsa, in yana buƙatar oksijin a sanar da kamfanin jirgin da wuri.